Garin Kolajen na Kifi: Tsakanin Halacci da Amfani

 

Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonnin da suka iso mana tun bayan fitowar da ta gabata, ita ce ta wani farin gari da ake sayarwa cikin gwangwani ko ƴan ƙananan ledoji, wanda ake rubuta wa collagène marin a jikinsa, mu kuma za mu kira shi kolajen na kifi. Ana ganinsa yanzu a kantunan kayan kwalliya da wasu farmasi na manyan garuruwanmu, ana tallarsa a WhatsApp da TikTok, ƴaƴan da ke zaune a ƙasashen Turai kuma suna aiko wa iyayensu da shi cikin tsaraba. Masu talla suna cewa yana goge tamojin fuska, yana tsirar da gashi, yana kuma warkar da ciwon gwiwa. Kusan duk wanda ya rubuto, abu ɗaya ya tambaya: shin halal ne? Tambaya ce ta mai kishin addininsa, za mu kuma amsa ta gwargwadon hali. Sai dai akwai ta biyu da ya kamata ta biyo bayanta, wato shin yana yin aikin da aka ce yana yi? Domin kuwa abu yana iya zama halal tsantsa, amma sayensa ya zama asarar kuɗin cefane.

Mene ne kolajen?

Sunan baƙo ne, amma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa leƙawa majema a Damagaram ko Maraɗi ya ga yadda ake jiƙa fatar akuya, a kankare gashi da sauran nama, sa'an nan a tsoma abin da ya rage cikin ruwan bagaruwa har ya zama jemammiyar fata. Wannan abin da ya rage, mai ƙarfi da danƙo, wanda dukawa ke ɗinka takalmi da jaka da shi, kolajen ne kusan gaba ɗayansa. Haka kuma uwargida da ta dafa ƙafar sa ko ganda, ta bar romon ya kwana, da safe ta tarar ya daskare yana rawa cikin kwano, ita ma kolajen ta gani, wanda wuta ta narkar ya koma abin da ake kira jelatin. Asalin kalmar daga harshen Girka take, inda kolla ke nufin gam, saboda mutanen da suna dafa fata da jijiya su sami abin liƙa katako.

A jikin ɗan Adam, kolajen shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, mafi yawa, domin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan furotin da ke jiki. Masana sun ƙidaya irinsa har 28. Nau'i na ɗaya shi ne ke cikin fata da ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka ga ƙashi, nau'i na biyu kuwa shi ne ke cikin guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwa a gaɓɓai. Siffarsa kamar igiya ce mai tufka uku, kuma wani masani ɗan ƙasar Indiya, Ramachandran, da abokin aikinsa Kartha, su ne suka fara bayyana wannan siffa a birnin Madras a 1954.

Jiki da kansa yake saƙa wannan igiya, yana kuma warware tsohuwa yana sa sabuwa muddin rai. Amma da zarar mutum ya wuce ƙuruciya, warwarewar takan fara rinjayar saƙar. Likitocin fata suna ƙiyasta cewa fatar baligi tana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na kolajen ɗinta kowace shekara, mace kuma tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru 5 na farko bayan ɗaukewar al'adarta. Daga nan ne tamoji da sakin fata ke samo asali. Wannan gaskiya ce, kuma a kanta ne masu talla suka kafa rumfarsu: tun da yana raguwa, sai ka saya ka sha ka mayar da gurbinsa.

Garin da ake sayarwa kuwa, ana yin sa ne daga fatar kifi da ɓawon jikinsa, abubuwan da masana'antun sarrafa kifi ke zubarwa a da. Ana wanke su, a dafa, a zuba musu sinadaran da ke daddatsa doguwar igiyar nan zuwa ƴan gutsattsari, a busar ya zama gari mai narkewa cikin ruwa. Ko da yake ana kiransa na teku, wani kaso nasa daga kifin ruwan daɗi na kiwo yake, irin karfasa, wadda masuntanmu ke kamawa a kogin Isa da tafkin Madarunfa. Kasuwarsa ta buɗe sosai ne bayan ɓullar cutar haukar shanu a Ingila, wadda aka gano a 1986, aka kuma danganta ta da rashin lafiyar mutane a 1996, sai jama'a suka shiga gudun abin da aka yi da fata ko ƙashin saniya.

Hukuncinsa

Jelatin da ke yawo a kasuwannin duniya, kaso mafi girma daga fatar alade ake samunsa, sai fata da ƙashin shanu, waɗanda galibi ba a san yadda aka yanka su ba. Malaman zamani sun yi saɓani a kan irin wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tafi a kan cewa bai halatta Musulmi ya yi amfani da jelatin na alade cikin abinci ba, tun da akwai na tsirrai da na dabbar da aka yanka bisa shari'a. Wani taron malamai da likitoci kuma da aka yi a Kuwait a 1995 ya ga cewa sarrafawar tana juya abin daga asalinsa zuwa wani abu dabam, abin da malamai ke kira istihala, saboda haka ya tsarkaka. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma fita daga saɓani abin so ne.

Kifi kuwa ya kuɓuta daga wannan jayayya. Aya ta 96 cikin Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo daga ruwa, hadisin da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa a kan tsarkin ruwan teku ya nuna kifi ba ya bukatar yanka, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya duk dabbar ruwa halal ce. Hatta Hanafiyya da suka taƙaita halaccin ga kifi kaɗai, ba su da ja a nan. Saboda haka garin da aka yi da fatar kifi zalla, babu shakka cikin halaccinsa.

Sai dai a lura da kalmar zalla. Idan abin yana cikin kafso ne, ɓawon kafson kansa yana iya zama jelatin na alade ko na saniya, alhali garin da ke ciki na kifi ne. Haka nan wanda aka yi shi kamar alewa mai taushi, sau da yawa jelatin ne ke riƙe shi. Wanda ke cikin ƴan kwalabe kuma, a duba ko an sa masa barasa. Mai karatu ya juya gwangwanin ya karanta jerin abubuwan da ke ciki: kalmar poisson tana nufin kifi, bovin saniya, porc ko porcin alade. Idan an rubuta gélatine kawai ba a faɗi asalinta ba, to wurin tambaya ne. Wanda babu jerin komai a jikinsa, ko aka ɗura shi cikin leda babu sunan wanda ya yi shi, barinsa ya fi.

Ina yake tafiya bayan an sha?

A nan ne maganar take. Ciki ba ya aika wa fata abin da aka haɗiya kamar yadda ake aika wasiƙa da sunan mai ita. Duk furotin da ya shiga ciki, na nama ne ko na wake ko na wannan gari, sai an rushe shi zuwa ƙananan tubala, su shiga jini, jiki ya ɗauke su ya gina abin da ya fi bukata a wannan lokaci, ko tsoka, ko jini, ko gyaran wani rauni. Da a ce abin da aka ci yana komawa irinsa a jiki, da mai cin harshen sa ya fi kowa fasaha, mai cin ƙwaƙwalwar rago kuma ya fi kowa hadda.

Adalci shi ne mu faɗi hujjar masu yin garin. A 2005 wasu masana a Japan sun nuna cewa bayan an sha irin wannan gari, ana samun wasu gutsattsarinsa masu tubali biyu cikin jini, ba su gama rushewa ba. Daga nan aka yi hasashen cewa watakila su ne ke zaburar da ƙwayoyin fata su ƙara saƙa. Hasashe ne mai ma'ana, amma hasashe ba ya zama hukunci sai an gwada shi a kan mutane: a raba su gida biyu, a ba wasu garin na gaskiya, a ba wasu wani gari mai kama da shi wanda babu komai cikinsa, ba tare da kowa ya san wanda aka ba shi ba, sa'an nan a auna bambanci.

An yi irin waɗannan gwaje-gwaje. A 2021 wasu likitoci a Brazil sun tattara guda 19, waɗanda suka ƙunshi mutum 1,125, kusan dukkansu mata, suka ga cewa bayan kwana 90 ana shan garin, laimar fata da danƙonta sun ɗan ƙaru. Wannan shi ne sakamakon da ƴan talla ke yawo da shi. Amma a 2025 wasu masana biyu daga Koriya ta Kudu suka sake tattara gwaje-gwaje 23 na mutum 1,474, suka buga a wata mujallar likitanci ta Amurka, kuma suka yi abin da ya dace da mai hankali: suka ware gwajin da kamfanoni suka biya kuɗinsa daga wanda ba su biya ba. Sai ga shi amfanin ya bayyana a cikin na farko, ya ɓace a cikin na biyu. Da suka ware gwaje-gwaje masu inganci daga masu rauni kuma, masu ingancin ba su nuna wani amfani ba. Mu da muka karanta babin shaida a fiƙihu mun san cewa ba a karɓar shaidar mutum a kan abin da zai jawo masa riba.

Tun kafin wannan, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba bukatar wani kamfani da ke son a ba shi izinin rubuta cewa kolajen yana kiyaye gaɓɓai, a 2011, da kuma cewa yana gyara danƙon fata da rage tamoji, a 2013. Duka biyun ta amsa cewa ba a tabbatar da hakan ba. To, mai karatu zai ce, yaya aka yi ake sayar da shi a Faransa da Amurka? Dalili shi ne ana sayar da shi da sunan ƙarin abinci, ba da sunan magani ba. Magani sai an tabbatar da aikinsa kafin a ba shi izinin shiga kasuwa. Ƙarin abinci kuwa ba a ɗora masa wannan sharaɗi ba, kuma a Amurka wata doka ta 1994 ce ta shimfiɗa haka. Zuwan abu daga Turai shaida ce ta inda aka yi shi, ba ta wuce nan ba.

Gashi da gwiwa

Batun gashi ya fi sauƙi. Gashi da farce ba kolajen ba ne, wani furotin ne dabam da ake kira keratin, kuma hujjar cewa garin nan yana tsirar da gashi ta fi ta fata rauni nesa ba kusa ba. Zubar gashi a wurin matanmu tana da sanannun dalilai. Akwai ƙarancin jini da na sinadarin ƙarfe, wanda ya yawaita ga masu haihuwa kusa-kusa. Akwai zubar da ke zuwa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, wadda takan tsaya da kanta. Akwai kitso mai tsauri da ƙarin gashi masu cinye gaban goshi, da man miƙar da gashi mai ƙona fatar kai, da kuma ciwon ƙullin wuyan nan da ke zama maƙoƙo idan ya kumbura. Awon jini guda ɗaya a asibiti yana iya nuna wa mace inda matsalarta take, a kuɗin da bai kai na gwangwani ɗaya ba.

Ciwon gwiwa kuwa shi ne ya fi taɓa mana zuciya, domin shi ne ke hana dattijo durƙusawa ga sujada, ya mayar da tsohuwa mai salla a kan kujera, kuma ɗa na gari ba ya ganin haka ya kasa neman abin yi. Wasu gwaje-gwaje sun nuna ɗan sauƙin zafi ga masu shan kolajen, amma sauƙin ƙarami ne, kuma babu tabbacin cewa guringuntsin da ya cinye yana sake tofowa. Daɗin daɗawa, na kifi nau'i na ɗaya ne, alhali na guringuntsi nau'i na biyu ne. Abin da likitocin gaɓɓai suka haɗu a kansa shi ne motsa jiki da ƙarfafa tsokar cinya da rage ƙiba. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage, nauyin da ke sauka kan gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo 4. Wanda ya rage kilo 5, ya sauke wa gwiwarsa kusan kilo 20 ke nan a kowane taku tsakanin gida da masallaci.

Babban haɗari a nan shi ne jinkiri. Ba kowane ciwon gaɓa ne na tsufa ba. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shige ta, kuma kwanaki kaɗan sun isa ta lalace. Matashi mai sikila da ƙugunsa ke ciwo yana ɗingishi, yana bukatar hoton ƙashi, kuma akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan lalura a Yamai. Akwai sanyin gaɓɓai da ke kama yatsun hannu biyu yana sandarar da su da safe, akwai tarin fuka da ke kama ƙashin baya, akwai cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nonon da ba a tafasa ba. Kowanne cikin waɗannan yana da maganinsa, kuma watanni uku da aka ɓata ana jiran gari ya yi aiki, watanni uku ne da cutar ta samu tana cin gaɓa. Shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame ya yi salla a zaune, saboda haka babu gaggawar da za ta sa a tsallake likita a tafi wurin mai talla.

Har ila yau, a yi hattara da duk abin ciwon gaɓɓai da ke kashe zafi cikin kwana biyu. Kolajen ba ya haka. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wasu kayayyakin ciwon gaɓɓai da ake sayarwa da sunan ƙarin abinci, bayan ta gano an ɓoye magunguna masu ƙarfi cikinsu, irin dexaméthasone da diclofénac, waɗanda ke iya jawo gyambon ciki, da hauhawar sukari da ta jini, da lalacewar ƙoda. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da ɗakunan awo, ina ga kasuwanninmu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci.

Hannu ɗaya na gini, ɗaya na rushewa

Abin da ke ba mai lura mamaki shi ne a ga ƴar'uwa tana shan kolajen da safe, da dare kuma tana shafa man bilicin. Da yawa cikin mayukan nan suna ɗauke da magunguna irin clobétasol da bétaméthasone, waɗanda aikinsu sananne ne a wurin likitoci: suna hana ƙwayoyin fata saƙa kolajen. Shi ya sa fatar mai shafe-shafe ke yin siriri har a riƙa ganin jijiyoyi, nankarwa ta fito mata faffaɗa a hammata da cinya, rauni ya ƙi warkewa, ɗinkin aikin haihuwa ya riƙa ba likita wahala. Saboda irin wannan ɓarna ne ƙasar Kodibuwa ta haramta waɗannan mayuka a 2015, Kamaru kuma ta hana shigo da masu ɗauke da hydroquinone da zaiba a 2022. Alhali baƙar fata baiwa ce daga Allah, domin launinta yana tare hasken rana, wanda shi ne babban mai rushe kolajen, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana a kan Turawa. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan mai kada ta daina dare ɗaya, ta nemi likitan fata ya janye ta a hankali.

Sauran masu rushe kolajen su ne taba, ko ta sigari ko ta shisha, da ciwon sukarin da ba a kula da shi, da daɗewa cikin zafin rana babu inuwa. Man shafawa mai kolajen kuwa, ƙwayarsa ta fi ƙarfin ta ratsa fata, a sama take tsayawa ta riƙe laima, aikin da man kaɗanya ke yi tun kaka da kakanni.

Abin da jiki ke nema

Abu biyu jiki ke bukata ya saƙa igiyarsa: furotin isasshe da bitamin C. Muhimmancin na biyun ya bayyana ne a kan matuƙan jiragen ruwan Turawa na da, waɗanda ke shafe watanni babu ɗanyen abu, har dasashinsu ya riƙa zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, tsofaffin tabo su sake buɗewa. A 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila mai suna James Lind ya raba marasa lafiya 12 gida shida, ya ba kowane gida abu dabam, sai waɗanda aka ba lemu suka miƙe cikin kwanaki. Daga baya aka gane cewa idan babu bitamin C, igiyar kolajen ba ta tufkuwa. Wannan bitamin yana nan cikin gwaiba, wadda giram 100 nata ke ɗauke da fiye da abin da baligi ke bukata a wuni, da lemu, da mangwaro, da ɗanyen tumatir da tattasai, da farin garin ƴaƴan kuka. Doguwar dahuwa tana kashe shi, saboda haka a riƙa cin wani abu ɗanye kowace rana.

Furotin kuma, mu yi lissafi. Abin da aka saba sha na garin nan giram 10 ne a rana, saboda haka gwangwani mai giram 300 na wata ɗaya ne. Ƙwai ɗaya yana da furotin kusan giram 6, ƙwai biyu ke nan sun zarce cokalin garin. Kuma furotin na ƙwai cikakke ne, na kolajen kuwa naƙasasshe ne, domin ya rasa ɗaya daga cikin tubalan da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa. An ga illar wannan a Amurka a 1977, lokacin da hukumomin lafiya suka sami rahoton mutuwar gomman mutane da suka bar abinci suka dogara ga ruwan kolajen kaɗai domin su rame. Wake, wanda ƙasarmu ke cikin manyan masu noma shi a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne. Ga ƙuli-ƙuli, ga awara, ga nono, ga bandar kifin Diffa. Wanda kuma ya nace sai kolajen ɗin kansa, to ya ci tarwaɗa da fatarta, ko ya sha romon ƙafar sa, ko ganda wadda aka babbaka da itace ba da tayar mota ba. Bayan sun shiga ciki, makomarsu ɗaya da garin gwangwani.

Mu ƙaddara, a misali, gwangwani yana kan jaka 15 na sefa. Masu sayarwa da kansu suna cewa sai an ɗore da sha, to a shekara jaka 180 ke nan. Kowane magidanci ya san buhun hatsi nawa ke cikin wannan kuɗi, da kuɗin makarantar yaro nawa.

Wanda Allah ya hore masa, ya sauke haƙƙin iyalinsa, yana kuma son ya gwada, ba mu ce ya yi laifi ba, domin garin na gaskiya ba ya cutar da mafi yawan masu lafiya. Sai dai ya saya a farmasi, ya duba sunan masana'anta da ranar lalacewa. Wanda cin kifi ke sa wa borin jini ko sarƙewar numfashi ya nisance shi. Mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, da mai ciki, da mai shayarwa, su tambayi likita tukuna. Idan an haɗa shi da biotine, a gaya wa likita kafin awon jini, domin tun 2017 hukumar Amurka da muka ambata ta yi gargaɗin cewa yawansa yana karkatar da sakamakon awo, har da na bugun zuciya. Wanda aka ce yana haskaka fata kuwa, ko dai ƙarya aka yi, ko an cusa masa wani abu da ba kolajen ba.

Nasiha ga masu sayarwa da magidanta

Da yawa cikin masu wannan sana'a ƴan'uwanmu mata ne masu neman halaliyarsu daga cikin gida, kuma neman na kai abin yabo ne. Amma littattafan fiƙihu sukan buga misali da sayar da kifi a cikin ruwa idan suna bayanin cinikin da ke da ruɗu, wato a karɓi kuɗin mutum a kan abin da ba a da tabbacin miƙa masa. Garin da ke hannunki kin mallake shi, sayar da shi ya halatta. Ƙuruciyar da kike alkawari da warkewar gwiwa kuwa, kifi ne da ke cikin ruwa har yanzu. Ki sayar da garin da sunansa, kada ki rantse a kan abin da masu yin sa ma aka hana su rubutawa a ƙasarsu, kada kuma ki ce wa mara lafiya ya ajiye maganin asibiti.

Ku kuma magidanta, ku sani cewa ba madubi kaɗai ke tura mace wurin mai talla ba. Sau da yawa wata kalma ce da maigida ya yar, ko barazanar kishiya da ake yi cikin wasa. Matar da ta haifa maka ƴaƴa biyar ko shida, ta shayar da su, ta yi shekaru a bakin murhu, jikinta ya biya kuɗin gidanka ne. Idan kana son ganin fatarta ta yi kyau, ka ƙara nama da ƙwai da kayan marmari cikin cefane, ka ba ta hutu tsakanin haihuwa da haihuwa, ka kai ta awo idan ta yi fari ko tana yawan gajiya. Ado halal ne, neman magani kuma umarni ne, amma hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya kwaɗaitar da neman magani, shi ne kuma ya ware tsufa daga cikin abubuwan da ke da magani. Ana iya tsufa da ƙarfi da tsabta da mutunci, kuma hanyar hakan tana cikin tukunya da tafiyar ƙafa da zuwa asibiti a kan kari.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka cikin abin da muke ciyar da iyalanmu, ya sa tsufanmu ya zama cikin ɗa'a gare shi. Allah shi ne mafi sani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.